Jangwada da Babban Mabuɗin Kwamfuta

Ga wata nan tafe, ku gyara zama ku tarbe ta. Mu'azzam, ajiye wayar nan, cajinta ya ƙare tun ɗazu, shafa ta kawai kake yi. Ke kuma Rumasa'u, na ji malamarku ta tambaye ki aikin babanki, kika ce mata, "Yana cewa a kashe a kunna." Na gode, Allah ya yi miki albarka, duk karatun da na sha wahalarsa kin naɗe shi a numfashi ɗaya. To tunda an ɗauke wuta, bari in ba ku labarin wani ɗan'uwana a sana'a, ku ji irin mutanen da muke.

A can cikin dawa akwai wani kamfani na namun daji, inda ake sayen gyaɗa da riɗi da kilishi, a tara a sito, a fitar idan sun yi tsada. Zaki ne manaja. Hajiya Giwa ce shugabar ma'aikata. Kura kuma ita ce mai kula da sito. Kada ku tambaye ni wanda ya naɗa ta, ni ma a ofishinmu na ga abin da ya fi wannan.

Mai kula da kwamfutocin kamfanin kuwa wani ƙadangare ne, mai jan kai da shafaffen ciki, ana kiransa Jangwada. Ba don ilimi aka ɗauke shi ba. Shi kaɗai ne zai iya kutsawa bayan durowa inda wayoyi suka cukurkuɗe ya fito da ransa. Aka ba shi wani ɗaki marar taga inda uwar kwamfutocin, wadda ke riƙe da duk bayanan kamfanin, take gurnani dare da rana, aka yanka masa albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, aka manta da shi.

Amma an bar masa abu ɗaya a hannu: babban mabuɗi, wanda mu 'yan aikin muke kira admin. Ba ƙarfe ba ne, kalmar sirri ce. Wanda ya san ta shi ke sa wa kwamfuta sabuwar manhaja, shi ke buɗe ajiyar kowa, shi ke iya share komai har a rasa inda aka ajiye shi. Sauran ma'aikata ko hoton fuskar kwamfutarsu za su canza, sai ta ce musu, "Ba ka da izini." Sai su gangara ɗakin Jangwada.

Shi kuwa ya lura da wani abu tun da wuri. Wanda ya zo hannu biyu, sai ya gyaɗa masa kai ya ce, "Za a duba." Wanda ya zo da ƙullin soyayyar fara mai yaji, kafin ya koma kujerarsa an gama. Ba a daɗe ba duk kamfanin suka gane hanya. Jangwada ya yi ƙiba a wuya. Idan ya rufe ƙofa sai ya hau saman uwar kwamfutoci inda akwai ɗumi, ya yi wa kansa kirari:

"Ni ne Jangwada, ƙaramin jiki babban mabuɗi! Ba ni da ƙaho, ba ni da haure, amma sai na gyaɗa kai ake aiki a gidan nan!"

Kun ga ke nan, mabuɗin nan shi ne tukunyarsa. Ranar da wani ya same shi, ranar fara ta yanke.

Wata safiya sai ga Kura ta bankaɗo ƙofa ba sallama.

"Kai, ɗan jan kai! Tun yaushe nake aiko maka ka sa mini manhajar lissafin kaya, kana ce mini za a duba? Na gaji. Ba ni kalmar nan in riƙa yin abina da kaina."

Jangwada ya dubi haƙoranta, ya dubi ƙofa, ya ga ta tare ta. Ya san sarai abin da take so. Lissafin kilishi ne ba ya daidaita, tana so ta shiga ta taimaka masa ya daidaita. Sai ya washe baki.

"Haba Yaya Kura, ai da kin faɗa tuntuni! Wallahi kin taimake ni. Kayan nan ya yi mini nauyi, ga idon nan ya hana ni sakewa."

"Wane ido?"

"Au, ba ki sani ba? Wannan ɗan baƙin ɗigon da ke saman kwamfutarki. Yanzu a rufe yake. Amma duk wanda aka ba mabuɗi, sai ya buɗe, kuma ba ya ƙiftawa. Duk abin da ya shiga bakinka yana gani, yana aunawa, da safe ya aika wa manaja hotonsa. Ni kin ga bai dame ni ba, me nake ci? Fara. Ke ma na san ba ki da abin ɓoyewa. Bari in shigar da sunanki." Ya hau allon rubutu yana dannawa da ƙafa. "Ka... u... ra..."

Kura ta yi wuf ta riƙe masa wutsiya. "Tsaya! Tsaya mana, gaggawar me kake yi? Ni fa wasa nake maka."

"Kash! Ai rabin sunan ya riga ya shiga, Yaya. Fitar da shi kuwa aiki ne ja, sai an kwana ana yi, ga shi ko karyawa ban yi ba."

Kafin azahar sai ga ƙunshin kilishi da kwanon fara a bakin ƙofarsa. Daga ranar Kura ta manna ganye a kan ɗigon kwamfutarta, idan za ta ci wani abu kuma sai ta shiga ƙarƙashin tebur.

Abin haushin, yara, da gaskiya ya gaya mata ma ta wadatar. Kwamfuta tana ajiye bayanin duk abin da mai mabuɗi ya taɓa, wannan ba ƙarya ba ne. Amma gaskiya ba ta zuwa da kilishi. Mu ma idan kun ji muna cewa "saboda tsaro ne", to rabi tsaron ne, rabin kuma kada ku matsa bincike.

Da gari ya waye, Jangwada yana sakace da ƙashin fara, sai ya ji ƙasa tana girgiza. Hajiya Giwa ce. Ɗakin bai ɗauke ta ba, sai ta zuro hancinta ta ƙofa, ta naɗo shi, ta ɗago shi daidai idonta.

"Kai yaro, yau na je zan canza agogon kwamfutata, ta ce mini ba ni da izini. Ni! Ni da na zo kamfanin nan tun ana auna gyaɗa da ƙwarya! Wai sai na nemi izinin wanda ban san ranar da aka ɗauke shi aiki ba. Ka ba ni mabuɗin nan yau ɗin nan."

"Hajiya, ranki ya daɗe, akwai wani ido..."

"Ya kalle ni mana! Ni na taɓa cin abin wani? Ya buɗe har ya gaji."

Nan Jangwada ya gane wannan ba ta tsorata. Hajiya ba sata take so ba, girma take so. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya. Abin kunya ne ma a ce sai kin tambaya. Ki je ki yi sallah ki dawo, za ki tarar da shi."

Tana fita ya faɗa ofishinta. Ya mayar da fuskar kwamfutarta ruwan zinare. Ya rubuta a sama da manyan haruffa: BABBAR ADMIN, HAJIYA GIWA. Ya yi mata wani akwatin rubutu, a ƙasansa ya dasa wani ƙaton maɓalli kore. Duk abin da ta rubuta ta danna, sai kwamfuta ta amsa, "An karɓi umarninki, ranki ya daɗe." A ɓoye kuwa saƙon ɗakin Jangwada yake tafiya, ƙararrawa ta yi ƙara, shi kuma ya yi aikin da hannunsa.

Hajiya ta dawo ta gani, baki har kunne. Ta rubuta, "A gyara agogo." Ta danna. Ƙararrawa ta yi ƙiririn a ƙasa, Jangwada ya gyara. Ta ga agogo ya daidaita, ta ce, "Ikon Allah! Ashe abin da yaron nan yake ja mana rai a kai ke nan?"

Jangwada ya hau saman uwar kwamfutoci yana rawa. "Na sayar wa Giwa iska, ta biya da godiya! Wa ya isa? Ni ne mai ba da mabuɗin da ba ya buɗe ko akurkin kaji!"

Bai rufe baki ba ƙararrawa ta sake ƙara. Ta kuma. Ta kuma.

Abin da bai lissafa ba shi ne, Hajiya mace ce mai son taimako. Duk wanda ta gani ya nufi ɗakin ƙasa da ƙullin fara, sai ta kira shi. "Zo nan, ɗana, me kake so? Firinta? Kawo, ni zan yi maka, ba sai ka je ka yi wa ɗan ƙadangaren nan fadanci ba." Ta rubuta, ta danna, Jangwada ya ruga. Barewa na son manhaja, ƙiririn. Gwanki ya manta kalmar sirrinsa, ƙiririn. Bushiya ta zubar da kunu a allon rubutu, Hajiya ta rubuta "A busar da shi", ƙiririn! Kuma dole ya yi nan take, don idan ya yi jinkiri asiri ya tonu. Shi da yake cewa za a duba, sai ga shi yana gudu a cikin silin harshe a waje.

Farar kuma? Ai teburin Hajiya ake kai ta, don godiya. Hajiya ko cin fara ba ta yi. Sai ta tara ta rabar wa masu gadi. Jangwada yana leƙe ta ramin silin yana kallon Dila mai gadi yana watsa abincinsa a baki, har da lashe yatsu. Wallahi ranar sai da ya yi hawaye. Ƙibar wuyan nan ta zube, ya koma kamar tsinken tsire.

Ana nan, wata safiya aka yi taron shugabanni. Hajiya ta zauna tana fifita da kunnuwa, ta ce, "Ni fa tunda na zama Babbar Admin aiki yake tafiya."

Zaki ya ajiye kofin shayinsa. "Kika zama me?"

Ba a daɗe ba aka ce manaja na kiran Jangwada. Ya shiga yana raɓe-raɓe a jikin bango.

"Kai," in ji Zaki, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi tsawa ban tsoro. "Wa ke shugabancin kamfanin nan?"

"Kai ne, yallaɓai."

"To yaya aka yi Giwa take da abin da ba ni da shi? Ba ruwana da launin zinare, kada ka kawo mini ado. Kalmar nan nake so, wadda kake dannawa da ƙafarka. Ka faɗa mini ita, ko in buɗe jan kan nan in duba da kaina."

Jangwada ya yi saurin lissafi. Ido ba zai tsorata Zaki ba, maɓalli kore ba zai ruɗe shi ba. Amma yunwa tana sa ƙwaƙwalwa gudu. Ya tuna ana raɗe-raɗin cewa Zaki ba ya shan ruwa a kogi tun ranar da wani kada ya kama masa gemu.

"Yallaɓai, ni wa? Ai da nawa ne da tuni na kawo maka har gida. Na Hajiya ƙarami ne, na mata. Naka na manaja kuwa sai da sa hannun wanda ya kafa injinan nan, Injiniya Kada, na can birnin bakin kogi."

Gashin wuyan Zaki ya ɗan motsa. "Kada? Zuwa zai yi?"

"A'a, ba ya barin ruwa. Ta kiran bidiyo zai yi maka magana. Ni zan je ƙasa in riƙe waya kada netwok ya yanke."

Ya ruga ɗakinsa ya kulle. Ya kwaso gansakuka daga inda na'urar sanyaya ɗaki take ɗiga, ya shafe jan kansa tas. Ya jera ƙayar aduwa a leɓe ta zama haƙora. Ya ɗora wani karyayyen tabarau da aka manta a durowa. Ya jawo gwangwanin madara ya ajiye a gefen baki don murya ta yi kauri. Sannan ya manna hancinsa a jikin kyamara, kusa, kusa, har ya cika fuskar kwamfuta.

Ku gwada da wayar Ummanku idan an kawo wuta, ku kusanto da ƙadangare jikin kyamara ku gani. Kada ne sak.

Zaki yana zaune sai ga wani ƙaton baki ya cika masa allo, haƙora zaƙo-zaƙo. Bai san lokacin da ya ja kujera baya ba.

"Kai ne manajan?" in ji muryar daga cikin gwangwani.

"Ni ne, Injiniya. Barka da... barka da ruwa."

"An ce kana neman mabuɗi. A birni, manajan da ya isa ba ya riƙe mabuɗi. Ka taɓa ganin mai gida yana yawo da mabuɗin banɗaki a wuya? Yaro ake ba wa, a ce buɗe, ya buɗe. Amma idan ka nace, ka zo nan bakin kogi, ka shigo ruwa iya wuya, in raɗa maka a kunne. Haka dokar take."

"A'a, a'a, Injiniya! A bar shi wurin yaron. Dama gwada shi nake yi." Zaki ya share gumi. Sai kuma ya ce, "Injiniya, maganarka akwai hikima. Don Allah gobe ka yi wa dukkan ma'aikata jawabi, su ma su ƙaru."

Nan ne fa ya kamata Jangwada ya ce yana da uzuri. Ya tsira, mabuɗi na hannunsa, sai ya rufe baki ya gode wa Allah. Amma cikinsa ya yi wata ƙara, ya tuna Dila yana lashe yatsu. Sai gwangwani ya ce, "Na amince."

Da gari ya waye aka cika babban ɗakin taro. Aka haska kiran a jikin bango, fuskar Injiniya Kada ta kai girman ƙofa. Barewa ta koma layin baya. Kura ta sa hannu ta rufe bakinta, ko da idon Injiniya ma yana aunawa.

"Doka ta farko," in ji Kada. "Maɓallin Hajiya ya gaji, za a ba shi hutu. Kowa ya koma wurin yaron nan Jangwada, yaro ne mai hazaƙa, ban taɓa ganin irinsa ba. Doka ta biyu: duk mai buƙata ya tafi da kwanon fara. Soyayya, ba dafaffiya ba. Da yaji. Ba don shi ba ne, injin ne yake son ƙamshinta, yana hana shi zafi. Na gama. Ku tashi lafiya."

Aka yi tafi raf-raf-raf. Zaki har da miƙewa.

Jangwada ya kai ƙafa ya danna. To a nan ne, yara, ɗan'uwana ya yi abin da ya sa har yau idan na tuna nake jin kunya a madadinsa. Akwai jan maɓalli na yanke kira, akwai kuma ɗan ƙaramin da ke ɓoye hoton daga gabanka kawai, kira yana nan daram. Tabarau ya karye, gansakuka ta shiga ido, zumuɗi ya yi yawa. Ƙaramin ya danna. Shi da ya sha tsayawa a kan ma'aikata yana musu faɗa a kan wannan kuskuren!

A jikin bangon ɗakin taro, Injiniya Kada ya ja da baya. Ya ƙanƙance. Ya ƙara ƙanƙancewa. Sai ga ƙafafu sirara, sai ga shafaffen ciki. Ya tofar da ƙayar aduwa ɗaya bayan ɗaya, ya goge kansa da tsumma, ja ya bayyana. Shi kuwa ya haye saman uwar kwamfutoci, ya buɗe murya:

"Ni ne Jangwada, kadan da ba ya jiƙa! Na sa Kura cin abinci a ƙarƙashin tebur saboda idon da ko kwalli ba shi da shi! Na ba Giwa maɓallin wasan yara, ta danna har hancinta ya yi kanta! Na sa Zaki ya gaishe da gwangwanin madara, har da barka da ruwa! Gobe fara, jibi fara, wanda bai kawo ba za a duba!"

Har da juyi. Har da girgiza wutsiya a gaban kyamara.

Yana cikin juyi na uku ƙofa ta faɗo ciki gaba ɗayanta. Ya yi tsalle zai shige silin, hancin Hajiya ya kaɗo shi ƙasa tim. Kafin ya miƙe, Zaki ya ɗora dagi a kan wutsiyarsa.

"Barka da ruwa, Injiniya," in ji Zaki.

"Yallaɓai, wallahi gwaji ne! Gwajin tsaro! Muna yi ne mu ga ko ma'aikata za su gane..."

"Kalmar."

Jangwada ya kau da kai gefe.

"Ka ji taurin kai!" in ji Kura. "Yallaɓai, ba ni shi in ɗan taɓa."

Suka ɗauka jarumta ce. Ina! Ba jarumta ba ce, kunya ce. Wannan Jangwada shi ne ya kafa dokar cewa kalmar sirrin kowa sai ta yi tsawo, da babban harafi da ƙarami, da lamba, da wata alama mai kama da ƙugiya, kuma a canza ta duk wata. Saboda dokarsa Gwanki ya taɓa fashewa da kuka a gaban kwamfuta.

Zaki ya ƙara danna dagi. Jangwada ya ji ƙashi yana shirin magana. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Fara."

"Ba abinci na tambaye ka ba!"

"Ita ce kalmar, yallaɓai. Fara. Sai ɗaya, biyu, uku."

Can daga bakin ƙofa Gwanki ya ce, "Fara ɗaya biyu uku? Shi ke nan? Ba ƙugiya?"

"Ba ƙugiya."

"Yaushe ka canza ta?"

"Ban taɓa ba."

Ai sai ɗaki ya kacame. Gwanki ya kawo kofato, Bushiya ta juyo da baya, Kura ta kawo hannu, Hajiya tana faɗin, "Ku bar mini shi, ni ya mayar abin dariya!" Jangwada ya ga idan ya tsaya ko gawarsa ba za a gane ba. Ya tattara ƙarfinsa ya fizga. Wutsiya ta ce ɓalas, ta zauna a ƙarƙashin dagin manaja tana wutsil-wutsil, mai ita kuwa ya bi ta ramin waya, ya ɓulla waje, ya haye katanga, goshi a kumbure, ido ɗaya a rufe.

Daga kan katangar yana jiyo su ta ramin. Zaki ya danna kalmar da farce, uwar kwamfutoci ta buɗe masa komai. Kura ta ce a fara duba lissafin sito, akwai kura-kurai da take so ta gyara. Zaki ya ce shi ne manaja, shi zai fara. Hajiya ta zuro hanci ta ƙofa ta ture su duka biyun. "Ku matsa, ni na saba da aikin nan." Ta ga tarkacen rubuce-rubuce sun cika allo, ga wani maɓalli a gefe an rubuta a share duka. Hajiya mace ce mai tsafta. Ta danna. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce, "Ji rashin kunya, ni ake tambaya sau biyu?" Ta sake dannawa.

Lissafin gyaɗa, na riɗi, na kilishi, sunayen masu kawo kaya, duk suka tafi. Kura ta fi kowa kururuwa, tana salati tana share ido, amma wutsiyarta sai kaɗawa take yi.

Sai ga Zaki ya fito tsakar kamfani, ya ɗaga kai ya hango shi. Muryarsa ta yi laushi kamar ba shi ba.

"Jangwada. Ɗana. Sauko mu yi magana. Ka dawo mana da kayan nan daga kwafin ajiya da ka ce kana yi duk Juma'a. Buhun fara guda, soyayya, da yaji. Na rantse. Dila, kawo buhun!"

Aka jawo buhu aka buɗe bakinsa a gindin katanga. Ƙamshi ya taso ya bugi Jangwada, har ƙafarsa ta gaba ta fara sauka da kanta. Ga abin da ya yi wa ƙarya, ya yi wa gudu a silin, ya shafa wa gansakuka, ga shi nan buhu guda, taku kaɗan. Sai ya tuna kwafin ajiyar nan. Kullum Juma'a yana cewa zai yi, kullum sai wani ya kawo fara ya ce bari ya ci tukuna. Babu kwafi ko na rantsuwa. Ya ƙara dubawa, ya ga Kura a bayan Zaki tana tauna wani abu siriri mai kama da wutsiya.

Ya janye ƙafarsa. Ya haɗiye yawu, ya ji ɗacinsa har zuciya. Sannan ya miƙe a kan katanga, dungulmi, ya buɗe ido ɗayan da ya rage.

"Ranka ya daɗe, ai yanzu kai ne admin! Ku uku ma! Ni da na riƙe mabuɗin nan ko ƙwayar gyaɗa ba ta ɓata ba, ku kun riƙe shi ko shayi bai huce ba! Wutsiya kuwa na bar muku tukuici, wata za ta fito wadda ta fi ta. Ni ne Jangwada! Kamfanin tsuntsaye ma suna neman ƙwararre!"

Dutsen da Gwanki ya jefo ya wuce ta saman kansa. Ya dira bayan katanga, ya ranta a na kare, yana gudu yana karkacewa don babu abin da zai daidaita shi a baya. Sai da ya yi nisa ya tsaya a gindin wata tsamiya yana haki. Wata 'yar ramammiyar tururuwa ta zo wucewa, ya lashe ta, ya ce dama shi fara ta fara gundurarsa.

Nan ta tsaya, na naɗe ta na jefa bayan katanga, wanda ya tsinta nasa ne. Mu'azzam, a'a, ba zan gaya maka tawa kalmar sirrin ba. Tawa doguwa ce, da ƙugiya har biyu. Ke kuma Ummansu, dariyar me kike yi? Tashi ki duba mana ko akwai sauran abinci a tukunya.